Tiyatar sauya gaɓar ƙugu ba tare da inshora ba: abin da muka biya da abin da muka samu

A shekarar 2024 aka sauya wa mai ɗakina gaɓar ƙugunta ta dama a wani asibitin koyarwa na gwamnatin tarayya a nan Arewa. Ni atamfa da shadda nake sayarwa, ba na kan albashin kowa, don haka ba mu da inshorar lafiya, kowane kwabo daga aljihunmu ya fito. An yi dokar inshora ta ƙasa a 2022 wadda ta ce dole kowa ya shiga, amma a layinmu na kasuwa ban san mutum ɗaya da yake da kati ba. Ba zan kama sunan asibitin ba, domin akwai yabo akwai ƙorafi a maganata. Hannun likitan ya yi kyau ƙwarai. Harkar biyan kuɗi da takardu kuwa sai haƙuri. Duk da haka, in za a sake, can zan mayar da ita.

Tana da sikila. Ciwon ƙugun ya fara mata a matsematsi, yana sauka har gwiwa, dangi suna ta cewa sanyi ne, wasu suna nuna mana gidan mai ɗori. Hoton ƙashi ne ya raba gardama: kan ƙashin cinya, wannan dunƙulen da yake juyawa cikin ƙoƙon ƙugu, ya mutu ya lotsa. Jinin sikila yakan toshe ƙananan hanyoyin da suke kai wa wurin jini, ƙashin ya rasa abin rayuwa, ya riƙa rugujewa a hankali. In an kama shi da wuri akwai ƙaramin aiki da ake huda ƙashin don a ceto shi. Namu ya wuce nan. Ba karaya ba ce balle a ɗora, kuma babu shafe-shafen da zai tayar da mataccen ƙashi.

Farashi uku na karɓo. Wani asibitin kuɗi a Abuja ya ce naira miliyan 11, za a yi a cikin makon da muka biya, ɗaki mai sanyi, komai tsaf. Wani dillalin asibitocin Indiya ya turo min nasa ta WhatsApp a dala, da hotunan gini mai ɗaukar ido. Da na zauna da biro na ɗora tikitin mutum biyu, biza, masauki na makonni da abinci, sai ya zarce na Abujan nesa. Abin da ya fi kashe min gwiwa da Indiya ma ba kuɗin ba ne. Na tambayi dillalin, in mun dawo gida wurin aikin ya fara ruwa da tsakar dare, wa zan kira? Ya ce ai sai a yi magana da likita ta bidiyo. Takardar asibitin gwamnati kuwa miliyan 5 da dubu 200 ta nuna. Ana yin wannan aiki a asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da Enugu, da wasu asibitocin koyarwa, saboda haka duk wanda zai yi, ya zagaya ya ji da kunnensa kafin ya sayar da komai.

Ba arha ce ta sa na zaɓi na gwamnati ba. Mai sikila ba a shiga da shi tiyata kamar kowa. Sai likitan jini ya shirya shi, a ƙara masa jini ko a sauya wani ɓangare na jininsa don a rage na sikilar, a tanadi jini a ajiye, mai allurar barci ya san kada ya bari sanyi ko ƙarancin ruwa ko ƙarancin iska su tayar da ciwon. Ƙashin cinyar mai sikila ma yakan yi tauri a ciki, ramin ɓargon ya tsuke, in likita bai saba ba yana iya fasa shi garin shigar da ƙarfe. A asibitin Abujan sun gaya min gaskiya cewa likitan jini daga waje za su kira. A namu kuwa sashensu yana nan a harabar, da ma'ajiyar jini, da ɗakin kulawa ta musamman. Na tambayi likitan ƙashin kai tsaye ko ya saba yi wa masu sikila, bai ji haushi ba, ya ce yawancin matasan da yake yi wa wannan aiki su ne. Wannan amsa ce ta sayo ni.

Zaman da ya fi amfani a duk tafiyar shi ne wanda likitan ƙashin ya buɗe aljihun tebur ya fito da samfurin abin da za a saka mata, ya jera a gabanmu. Gida huɗu ne: wata sandar ƙarfe mai tsini da take shiga cikin ƙashin cinya, ƙwallo da yake hawa kanta, ƙoƙon ƙarfe da ake kafawa a ƙashin ƙugu, sai wata farar roba mai tauri da take zama cikin ƙoƙon don ƙwallon ya riƙa juyawa a kanta. Ya miƙa wa matata ƙwallon, ta juya shi a tafin hannunta, ta ce ashe ɗan wannan abu ne zai cinye filinmu. Ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, wannan na ƙarfe ne, naki na tangaran ne, ya fi shi tsada ma."

Ya bayyana mana cewa akwai wanda ake kafawa da simintin ƙashi, ya fi sauƙin kuɗi, an fi yi wa tsofaffi. Akwai kuma wanda ba siminti, jikinsa kaushi-kaushi, ƙashin mutum ne yake tsirowa ya kama shi. Ga mace mai shekara talatin da 'yan kai, ya ba da shawarar na biyun da ƙwallon tangaran, don ya fi jure gogayya. Sannan ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka sani ba na har abada ba ne." Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na irin waɗannan gaɓoɓi suna kaiwa shekara 25. Ga tsoho ɗan saba'in wannan ya wadatar. Ga matata kuwa yana nufin in Allah ya yi tsawon rai akwai yiwuwar aiki na biyu a gaba, kuma na biyu ya fi na farko wuya da tsada. Na ji daɗin da ya faɗa tun kafin mu biya. Dillalin Indiya bai taɓa kawo zancen ba.

Kuɗin ƙarfen shi kaɗai ya haura rabin abin da ke takardar, kuma ba asibiti ake biya ba, kamfanin da yake shigo da kayan ake tura wa. Da dala suke saye. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 zai gane dalilin da ya sa wakilin kamfanin ya ce farashinsa na mako biyu ne kacal. Manyan kamfanonin da aka fi sani su ne Zimmer Biomet, DePuy, Stryker da Smith & Nephew, akwai kuma ƙirar Indiya da ta fi sauƙi. Ban isa in ce wannan ya fi wancan ba. Abin da na dage a kai shi ne a rubuta min sunan kamfanin a rasit, kuma bayan aiki a ba ni kwafin tambarin da ke jikin kwalin kowane gida, mai ɗauke da lamba da girma. Likitan da zai taɓa ta bayan shekara ashirin zai nemi wannan takarda.

Yanzu ga inda takardar farko ta yaudari lissafina. Miliyan 5 da dubu 200 ta ƙunshi ƙarfe, ɗakin tiyata, allurar kashe zafi da gado. Ba gwaje-gwaje a ciki. Ba jini a ciki: ƙannena da abokan kasuwa masu jinin AA suka zo suka bayar, amma kowace leda sai an biya kuɗin tantance ta. Magunguna da yawa babu su a kantin asibiti, sai a ba ka 'yar takarda ka fita bakin ƙofa. Allurar hana daskarewar jini da ake yi a fatar ciki kullum har bayan sallama, ita kaɗai ta ci kuɗi mai kauri. Ga masu gashin ƙashi, ga abin dogarawa mai ƙafa huɗu, ga abincin mai jinya. Da muka tattara rasit bayan mun koma gida, mun tasam ma miliyan 7. Fili na sayar, na kwashi adashi, yayyenta suka haɗa nasu, ita kuma ta fitar da sarƙar zinarenta ba tare da na tambaya ba. Akwai ofishin taimakon marasa ƙarfi a asibitin, sukan sassauta kuɗin gado, amma ba su da iko a kan kuɗin ƙarfe.

Ƙorafina mafi girma ɗage rana ne. An sa mana rana, an yi mata ƙarin jini, sai yajin aiki ya faɗo. Da aka dawo, gwaje-gwajen sun tsufa, shirin jinin ya zama sai an sake, kuma ni na sake biya, ba wanda ya ce min ko sannu. Biyan kuɗin ma ta Remita ne, hanyar intanet da ake biyan kuɗin gwamnati da ita, kowane abu da lambarsa, ka ciro lamba a nan, ka biya a can, ka dawo a buga hatimi, in intanet ta ɗauke kowa ya zauna. Da dare ma'aikatan jinya biyu ne a kan ɗaki cike da gadaje. Ba mugunta suke yi ba, hannu ne ya yi kaɗan, don haka dole ka zo da mai jinya mai ƙarfi da ba ta da nauyin barci. Abin da ya fi ba ni mamaki, a ɗakin da ake kwantar da mutanen da aka hana tsuguno, banɗakin na tsuguno ne. Kujerar bayan gida muka sayo a kasuwa.

Ranar aikin allurar baya aka yi mata, ba a sa ta dogon barci ba. Ta fito da robar iska a hanci, an lulluɓe ta da bargo, an sa matashi tsakanin ƙafafunta. Washegari wata mai gashin ƙashi ta zo ta ce, "Hajiya, bismillah, yau za mu taka." Ni na ɗauka wasa take. Ta zaunar da ita a bakin gado, ta jira jiri ya wuce, ta kafa mata abin dogarawa, ta miƙe. Ta ce zafin yanka yana nan, amma wancan da yake cizon ta a cikin gaɓa shekara da shekaru babu shi.

Abin da ban ga an shirya mutane a kansa sosai ba shi ne zaman gida. Makonnin farko an hana ta lanƙwasa ƙugu sosai, an hana harɗe ƙafa, don kada ƙwallon ya goce daga ƙoƙonsa. Rayuwarmu kuwa rabinta a ƙasa take: tabarma, kujera 'yar tsuguno a gaban murhu, katifa a ƙasa, masai. Sai da na kira mai gini ya kafa mana masai na zama, kafinta ya ɗaga ƙafar gado, girki ya koma kan tebur. Sallah a kan kujera ta yi ta tsawon watanni, tana nuni da ruku'u da sujada, har likita ya ba ta izinin sauka ƙasa a hankali. Wannan gyare-gyare ma kuɗi ne, kuma ba ya cikin takardar kowane asibiti. Ta tambayi likitan batun haihuwa, ya ce ƙarfen ba ya hanawa, sai dai a yi shawara da likitan jini da na mata tun kafin ciki.

Wanda ba shi da sikila ko wani ciwo mai rikitarwa, kuma yana da hali, asibitin kuɗi mai likita gwani zai hutar da shi layi da ɗage rana, ban ga laifinsa ba. Mai sikila kuwa ya nemi inda likitan ƙashi da na jini suke ƙarƙashin rufi ɗaya, ya ɗora aƙalla kashi ɗaya cikin uku a kan duk abin da aka rubuta masa. Yanzu tana zuwa kasuwa da ƙafarta ba sanda. A hoton ƙarshe da aka ɗauka ƙugun hagu ma ya fara nuna alama, likita ya ce a riƙa dubawa, bai kai ga sauyawa ba tukuna. Na kira wakilin kamfanin don in ji inda farashi yake, ya riga ya wuce abin da na biya, don haka na shiga wani sabon adashi.