Kafin ka kashe kobo a kan zana taswira a gida

Duk wanda sha'awar zana taswira ta kama, tambayarsa ta farko ita ce wane hoton tauraron ɗan'adam zai saya. Ni kuwa sai in tambaye shi: mene ne mafi ƙanƙantar abin da kake so ya fito a taswirar? Kogi ne da fadama, ko lungun unguwa da katangar gida? Amsarsa ce ke nuna ko zai taɓa aljihu.

In kogi ne, ko gonaki, ko yadda gari ke cin daji, aljihunka ya huta. Sentinel-2 na shirin Copernicus na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, kyauta yake. Kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne a ƙasa, kuma yana sake ratsa wuri kusan duk kwana biyar. Landsat na Amurka bai kai shi kaifi ba, mita 30 ne, amma yana da abin da kuɗi ba sa saye: tarihi tun daga 1972. Mai son ganin yadda Tafkin Chadi ya janye, nan zai nufa. Sai dai ka lura da lokaci. Gajimaren damina da hazon hunturu duk suna dusashe hoto, don haka na bayan ɗaukewar ruwa ya fi kyau a ƙasarmu.

Hoton saye yana da amfani ne kawai in sai ka ga rufin gida ɗaya-ɗaya. Tauraron Pléiades na kamfanin Airbus yana ba da ɗigo mai santimita 50, WorldView-3 kuma kusan 30. Da murabba'in kilomita ake sayarwa, kuma akwai mafi ƙarancin filin da za a yarda a sayar maka, ga sharuɗɗan lasisi. Ga mai yi don nishaɗi, wannan sayen doki ne don zuwa maƙwabta. Google Earth kuma na kallo ne, sharuɗɗansa ba su ba ka damar kwafe hoton ka gina taka taswirar a kai ba.

Inda aka fi ruɗewa shi ne awon tudu da kwari. SRTM, awon tsayin ƙasa na Amurka, ya tsufa: a Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana auna doron ƙasa da na'urar rada. Copernicus GLO-30 ya fi shi sabunta da tsafta, ga kuma AW3D30 na Japan. Dukkansu mita 30 ne, kyauta, kuma da Copernicus zan fara. Za su fitar maka da tsaunukan Jos ko Dutsen Kufena sarai, amma kada ka sa ran ganin ganuwar birni ko kwalbati. Suna kuma haɗa bishiya da gini cikin tsayin ƙasa, shi ya sa kurmi ke fitowa kamar tudu.

Laida, wato awon leza daga jirgin sama, shi ne ke magance wannan. Na'urar tana harba haske sau dubbai a daƙiƙa, tana auna lokacin dawowarsa. Wani hasken yana kutsawa tsakanin ganye ya taɓa ƙasa, sai manhaja ta tsince bishiyoyi ta bar ƙasa tsirara. Da haka aka gano dubban gine-ginen Maya a ƙarƙashin dajin Gwatemala. Ingila tana rabar da nata na mita 1 kyauta, Amurka tana da shirin 3DEP, Holan tana da AHN, Faransa kuma LiDAR HD. Shawarata, sauke yanki guda daga cikinsu ka koyi hannu. Amma ka fara da fayil ɗin da aka riga aka tace, domin ɗanyen fayil ɗin awon leza, wato LAZ, yana cin data kamar gara.

To, in unguwarka ko gonarka kake so da irin wannan kaifi fa? Ƙaramin jirgi marar matuƙi mai kyamara ya fi araha nesa ba kusa ba a kan mai ɗauke da leza. Manhajar OpenDroneMap tana haɗa hotunansa ta fitar da tudu da kwari, kuma a fili marar duhuwa sakamakon yana gamsarwa. A Najeriya sai da izinin NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, da na hukumomin tsaro, ka nema tun kafin ka biya kuɗin jirgin.

Manhaja ba ta buƙatar dogon zance. QGIS kyauta ce, tana buɗe duk abin da na lissafa. ArcGIS Pro na Esri tana da lasisin amfanin kai da ake biya duk shekara, a Windows kaɗai take aiki, kuma tana da riba ga mai shirin neman aiki da ita.

Kuɗin da ka tara, zuba shi a kwamfuta. Ram giga 16 da faifan SSD sun fi katin hoto mai tsada amfani, sai fa in kana son inuwar tsaunuka ta Blender, manhajar zanen 3D. Ka ƙara da faifan ajiya na waje, don kada ka sayi data sau biyu a kan fayil ɗaya.