Sulen Ingila na 1696: azurfar haraji ce, ga abin dubawa kafin a biya kuɗinta

A cikin tsofaffin kuɗin azurfa da dillalan Ingila ke tallatawa a intanet, sulen Sarki William na Uku mai ɗauke da shekarar 1696 ko 1697 yana cikin waɗanda suka cancanci kuɗinsu. Samunsa ba wuya, domin an buga shi da yawan gaske, kuma wanda ya sha hannu ba ya tsada idan aka gwada shi da sauran kuɗin wancan zamani. Abin da ya ba shi daraja shi ne asalin azurfarsa. Mafi yawanta tsofaffin kuɗi ne da jama'a suka kai wa hukuma a matsayin haraji da rance, aka narke su aka sake bugawa.

Kafin 1662 da guduma ake buga kuɗin Ingila, gefensu babu wata alama. Sai mutane suka riƙa zagaye su da almakashi suna datsar azurfa kaɗan-kaɗan, su narke abin da suka tara, su kashe sulen a matsayin cikakke. Zuwa 1695, ana tsakiyar yaƙi da Faransa, kuɗin da ke yawo sun rasa kusan rabin nauyinsu. Da aka zo batun sake buga kuɗin, William Lowndes na baitulmali ya ce a ɗaga darajar azurfa ta yadda sabon sule zai yi sauƙi a sikeli. Masanin falsafa John Locke ya ce a'a, a bar nauyin yadda yake, kuma maganarsa majalisa ta bi. Aka yi doka cewa masu karɓar haraji za su amshi datsattsen kuɗi a cikakkiyar darajarsa har zuwa 4 ga Mayu 1696, masu ba sarki rance kuma har 24 ga Yuni. Giɓin da zai biyo baya aka ɗora shi a kan sabon harajin tagogin gidaje.

A nan zaluncin tsarin yake, kuma ya kamata mai saye ya san shi. Ƙofar canji ɗaya ce, ta haraji da rance. Mai gonaki da attajiri suka kwashi datsattsun kuɗinsu suka biya haraji tun kafin lokaci, ko sisi ba su yi asara ba. Lebura da ƙaramin ɗan tireda, waɗanda hukuma ba ta bin su wani babban haraji, sai dai su sayar wa masu hali da ragi, ko wa'adi ya cika kuɗin na hannunsu. Da damuna ta kama, tsohon kuɗi ba ya ciyuwa a kasuwa, sabon kuma bai wadata ba, har Bankin Ingila ya kasa biyan duk masu neman tsaba a watan Mayu. A cikin wannan hali masanin kimiyya Isaac Newton ya kama aiki a gidan buga kuɗi na Landan.

Yanzu ga kayan kansa. Sabon sule giram 6.02 ne, faɗinsa milimita 25 zuwa 26, azurfarsa kashi 92.5 cikin ɗari. Sisi rabin wannan nauyi ne, faɗinsa kimanin milimita 21. A fuska akwai kan sarki yana kallon dama da rubutun GVLIELMVS III DEI GRA. A baya garkuwa huɗu ne a gicciye, na Ingila da Sukotlan da Faransa da Ailan, da ɗan zaki a tsakiya, shekarar kuma kambi ya raba ta biyu, 16 a ɓangare ɗaya, 96 a ɗaya ɓangaren. Gefen yana da tsaga-tsaga, wanda shi ne maganin masu almakashi.

Wurin da ya fi dacewa a sa ido shi ne ƙarƙashin wuyan sarki. An buɗe rassa biyar na gidan buga kuɗi don aikin ya yi sauri, kowanne da harafinsa: B na Bristol, C na Chester, E na Exeter, N na Norwich, Y babba ko ƙarama ta York. Wanda ba shi da harafi na Landan ne. Rassan sun rufe a 1698, kuma 1696 da 1697 kaɗai ake gani a kuɗinsu, saboda haka harafi a kan wata shekara daban alamar jabu ce. Mai harafi ya fi tsada, kuma ya cancanci ƙarin, amma sai harafin ya fito sarai. Kada a biya kuɗin Chester a kan ɗan tabon da dillali ya ce C ne.

Aibinsa na gaskiya shi ne gaggawar da aka yi aikin da ita. Da yawa suna da ƙananan ɗigo baƙaƙe a fuska, saboda azurfa da jan ƙarfe ba su gauraya sosai wajen narkawa ba. Wasu suna da layukan zarto a jere, inda ma'aikaci ya kankare nauyin da ya wuce kima kafin a buga. Akwai masu kuskuren rubutu, kamar A a kife a madadin V. Duk waɗannan daga gidan bugu suka fito, ba su nuna jabu ba, sai dai ɗigon da layukan suna rage farashi. Lalacewar da ta zo daga baya daban ce. Kuɗin sun yi fiye da shekara ɗari suna yawo, har sake bugun 1816, shi ya sa da yawa sun goge sumul. Wasu kuma an lanƙwasa su an ba masoya kyauta, daga baya wani ya miƙe su, tabon lanƙwasar ya zauna. Wanda shekararsa ba ta karantuwa a bar shi komai arhar sa.

Gwajinsa ba ya buƙatar kayan tsada. Ana so sikeli mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da gilashin ƙara girma, da maganaɗisu. Sule mai gogewa yakan sauko wajen giram 5.5, wannan ba laifi. Abin tsoro shi ne a ga gashin sarki ya fito tsaf amma nauyi ya gaza, domin nauyi da zane tare suke raguwa. Jabu na zubi yana da ƙananan ramuka a jikinsa da ɗan layi a gefe inda ɓangarorin mazubi suka haɗu. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama dalma ko tagulla ma, don haka shi kaɗai bai isa shaida ba. Kada a kai wa maƙerin fari ya goga a dutse ko ya ɗiga masa ruwan gwaji, tabon ba ya fita. Kada kuma a wanke shi da toka ko man goge ƙarfe. Duhun da ke jikinsa yana cikin abin da ake biya, kuma wanda ke sheƙi fiye da kima an riga an ɓata shi.

A nemi dillali ya turo hoton fuska da baya da gefe, ya rubuta nauyi, ya kuma yarda da mayarwa. Idan kuɗin da za a kashe mai yawa ne, a sayi wanda kamfanonin tantance tsabar kuɗi na NGC ko PCGS suka tantance suka rufe a roba. Mai neman ajiyar azurfa kawai ya nemi wani abu, domin tsantsarta a sule ɗaya ba ta kai giram 5.6 ba. Mai son tarihin kuwa ya fara da sisin 1696 na Landan mai matsakaiciyar gogewa, sannan ya nemi na reshe ɗaya ya ajiye kusa da shi.