Tukwanen fulawa na siminti 'yan Gombe: kyau akwai, amma shuka ta fi son laka

Duk mai leƙa Facebook ko sitatus ɗin WhatsApp a Gombe ya ga yadda tukwanen fulawa na siminti suka cika gari. Matan aure da 'yan mata ke yin su a tsakar gida, su yi musu fenti, su ɗauki hoto, sai ciniki. Nawa na saya wurin wata matashiya a Pantami tun kafin hunturu. Sun sha ƙura, sun sha zafin bazara, ga shi mun shiga damina, don haka ina ganin yanzu ina da bakin magana a kansu.

Iri biyu na ɗauka. Akwai mai sumul da ake zubawa tsakanin robobi biyu, akwai kuma ta tawul, wadda ake tsoma tsohon tawul cikin kwaɓaɓɓen siminti a kifa shi kan bokiti ya bushe da lanƙwasarsa. Yarinyar ba ta da rowar sana'a, a gabana ta kwaɓa. Siminti awo ɗaya, tankaɗaɗɗen yashi awo biyu. Ta shafe cikin babbar roba da mai don kada ya kama, ta zuba, ta danna ƙaramar roba a tsakiya, ta cika ta da duwatsu don kada ta taso. Bayan an cire daga robar sai a riƙa yayyafa ruwa kamar mako guda a inuwa, domin siminti ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Simintin ma na gida ne, na Ashaka da ke Funakaye, buhu mai kilo 50 kuwa yana fitar mata da tukwane da yawa.

Wajen kyau ba ni da ta cewa. Fari da ruwan zinare a baki, wata kuma ta zana mata dagi. Duk baƙuwar da ta shigo falo sai ta tambayi inda na samo. Nauyinsu ma alheri ne a gidan da ke da yara, ba mai rarrafen da zai iya kifar da babbar. Sai dai ranar sharar ƙarƙashinta za ki san kin sayi kaya.

Matsala ta farko ita ce huda. Biyu daga ciki ba su da ƙofar fitar ruwa a gindi. Da na yi magana sai ta ce, "Anti, ai masu saye ne ba sa so, wai ruwa yana ɓata musu tayil." Na gane uzurinta, amma tukunyar da ba huda ruwa ne ke kwanciya a ƙasanta, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Alobera da moda, wato mai dogon ganye kamar takobi da ake gani a ofisoshi, a jikinsu suke ajiye ruwa, kuma yawan ruwa ya fi ƙishi saurin kashe su. Aloberar da na sa a ɗaya daga cikin marasa hudar gindinta ya yi laushi ya yi baƙi, alhali ƙanwarta da ke cikin tukunyar laka sai 'ya'ya take fitarwa.

Tukunyar lakar nan ba wata ta musamman ba ce. A babbar kasuwa na saye ta wurin wata dattijuwa mai sayar da randuna da kasake, kuɗin ta siminti ɗaya zai sayi irinta uku ko huɗu. Na ce, "Goggo, a huda min gindinta." Ta yi dariya ta ce ita dai tunda take ba a taɓa biyanta ta ɓata tukunya ba, amma ta huda. Laka tana numfashi. Abin da ke sa ruwan randa sanyi, wato tsattsafowa ta jiki iska na kwashewa, shi ke sanyaya saiwa a watan Maris da Afrilu lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40. Aibinta ƙasa na saurin bushewa, musamman da hunturu, sannan ruwan rijiya ko na burtsatse kan bar mata farin kurji a jiki. Goga da ruwa kan fitar da shi.

Akwai kuma abin da mai tukwanen simintin ba ta faɗa ba, ya kamata a ce ta faɗa. Sabon siminti yana da kaifin farar ƙasa, yana sauya ƙasar shuka ta yadda ganye zai soma yin rawaya. Maganinsa a jiƙa tukunyar cikin baho na 'yan kwanaki ana canza ruwan kafin a zuba ƙasa. A garin da gidaje da dama ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa idan famfon Dadin Kowa ya ɗauke, wannan ma kuɗi ne, a sa shi cikin lissafi.

Ta tawul ɗin ita ce ta fi ɗaukar ido, ita ce kuma ta fi rauni. Bakinta na gutsurewa da ɗan bugu kaɗan, kuma da hunturu ƙura na shiga kowane lungu nata, sai da tsohon buroshin haƙori ake fitarwa. Fentin ruwa da aka yi mata ya soma ɓarewa daga ƙasa inda danshi ke taruwa. Masu fentin mai suna nan garau.

Dabarar da na zauna a kai yanzu ita ce in shuka a tukunyar laka mai huda, in zura ta cikin ta simintin ta zama mata riga. Ƙasar kuwa ina haɗa yashi, ruɓaɓɓen takin awaki da ɗan dakakken gawayi, ban da ɗanyen taki, yana ƙona saiwa kuma yana jawo ƙudaje cikin ɗaki. Ranar ban ruwa in fito da ta lakar waje ta tsane in mayar. A riƙa leƙa gindin ta simintin, domin ruwan da ya kwana mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe. Masu ƙananan yara kuma su ɗora moda inda hannu ba ya kai, tauna ganyenta na ɓata ciki.

Zan sake saye wurin matashiyar Pantami, hannunta na da kyau kuma ba ta saɓa ranar da ta sa. Amma ta tawul ba zan ƙara ba, kuma na riga na aika mata awon bakin tukwanen lakata don ta zuba sababbin daidai da su, da fentin mai, da huda ko da ban tambaya ba.