Takaba, gado da zargin kisa: sharhi kan littafin kuɗi da na karanta a zauren WhatsApp

Naira 1000 na biya, kuma ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Amma da marubuciyar ta tsaya a cikin gidan da ta fara labarinta, ba ta ja mu daji ba, da littafin nan ya shiga sahun waɗanda zan ce wa kowa ya nema. Ba zan kama sunansa ko sunanta ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, ba na kuma son a mai da shi faɗa. 'Yan zauren za su gane wanda nake nufi.

Tsarin sayen kowa ya san shi. Ana sakin shafukan farko kyauta, daidai inda labari ya ɗau zafi sai a ce na kyauta ya ƙare. Ki tura kuɗi ta asusun banki ko ki aika katin waya, ki nuna shaidar biya, a jefa ki zaure. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da lambarsu daban, su biya da sefa. Wadda ta yi zamanin hayar littafi ba za ta ga baƙon abu a nan ba. Littattafan da ake bugawa a Kano tun tsakiyar shekarun 1980 ma haka suke, na ɗaya ya tsaya a kan gaɓa, a ce mu haɗu a na biyu, ki koma wurin mai haya ya ce wata ta riga ki ɗauka. Bambancin kawai, a da sau biyu ko uku ake katse miki labari, yanzu kullum ne.

A cikin garin Katsina aka kafa labarin, a wani babban gida na wajen Ƙofar Sauri. Maigidan ɗan kasuwa ne mai shigo da shadda da atamfa daga Maraɗi ta Jibiya. Matansa biyu, amaryar ko shekara ba ta rufa ba. Ranar girkinta ya sha furar dare a ɗakinta ya kwanta, aka kira assalatu bai motsa ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, kamar yadda muke yi, babu wanda ya kawo zancen likita ya duba gawa. Ranar sadakar uku aka fara raɗe-raɗi a tsakar gida, kafin ta bakwai magana ta fito fili: amarya ce ta sa masa wani abu a fura.

Abin da ya kama ni shi ne marubuciyar ba ta aro haɗarin daga finafinan ƙasashen waje ba. Babu bindiga, babu tseren motoci a rabin farko na littafin. Da hukuncin addini da al'adar gida ta gina tarkonta. Yarinya tana takaba, wata huɗu da kwana goma, ba kwalliya, ba turare, ba kwana a wani gida. Ke nan dole ta zauna tare da mutanen da ke zarginta, alhali tana da yaƙinin wanda ya yi aikin yana cikinsu, tana jin tafiyarsa a tsakar gida, wataƙila ma daga hannunsa kwanon abincinta ke fitowa. Sannan ga gado. Tunda mamacin ya bar 'ya'ya, matan biyu tumuni za su raba, wato kashi ɗaya cikin takwas. Wanda kuwa ya kashe mutum da gangan ba ya cin gadonsa, don haka duk mai son a tabbatar da zargin yana da abin da zai samu. Ana cikin haka sai ta fahimci tana da ciki. Nan lissafi ya canza gaba ɗaya: takabarta ta tashi daga wata huɗu da kwana goma ta koma sai ta haihu, rabon gado kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ana dakatar da shi har a ga abin da aka haifa. In namiji ne, kason kowane ɗa a gidan ya ragu sosai. Daga wannan shafin na daina tambayar wa ya kashe Alhaji, na koma tambayar ko za a bar cikin nan ya kai wata tara.

A bayyane yake marubuciyar ta zauna gaban malami ko ta buɗe littafin fiƙihu kafin ta ɗora alƙalami. Na karanta wa goggona wannan ɓangaren, ita da ta yi takaba a gidan yawa. Ta yi shiru can ta ce, “Wannan yarinya ta san gidan mutuwa, 'yar nan. Bayan bakwai in baƙi suka watse, a nan ake sanin halin kowa.”

Soyayyar ma a cikin wannan ƙuncin aka shuka ta. Namijin ɗan goggon yarinyar ne, tsohon maneminta da aka hana shi saboda ba shi da ƙarfi a lokacin, yanzu yana da kemis. Shi kaɗai ya yarda ba ta aikata ba. Sai dai maganin ciwon sukarin da Alhaji ke sha daga kantinsa ake saye, kuma irin wannan magani in ya wuce ƙima yana iya kayar da sukarin jini har mutum ya suma cikin barci. To ga wanda zuciyarta ke so, ga shi kuma shi ya fi kowa dalilin son mijinta ya kau. Duk alherin da ya yi mata sai ya zo da fuska biyu. Ya kawo mata katin asibitin mamacin don ta kare kanta, mai karatu na murna, sai kuma ki tuna: ta yaya katin ya je hannunsa?

Akwai wani shafi da na maimaita karantawa. Ya zo gaisuwa ya tsaya a zaure, ya aika ƙaramar yarinya ta yi masa iso. Ita ta tsaya bayan ƙyaure da hijabi, hannunta ba lalle, idonta ba kwalli, ƙanen mijin yana zaune a dakali yana jin komai. Neman auren mai takaba a fili haramun ne, aya ta 235 a Suratul Baƙara shaguɓe kawai ta yarda da shi. Don haka bai ce yana sonta ba. Ya yi mata ta'aziyya, ya tambayi jikinta, ya ajiye ledar maganin ƙarin jini a bakin ƙofa, sannan ya ambata cewa ɗakin da ya gina shekarun baya har yanzu a rufe yake bai sa kowa ba. Ta ce Allah ya sa albarka. Da ya tafi ta ɗauki ledar ta shiga ɗaki, ta zauna tana juya kwalbar, tana duba ko an taɓa buɗe murfin. A wannan shafi guda, so da tsoro sun zauna a hannu ɗaya. Ban ga inda rungume-rungumen da wasu marubutan ke cika mana ido da su suka taɓa kai wannan ƙarfi ba.

A ganina wannan shi ne ma'aunin irin waɗannan littattafai. Kamar tufkar igiya ce: zaren soyayya da zaren haɗari sai sun murɗe da juna, in kika zare ɗaya ɗayan ya warware. Da yawa da na karanta ba haka suke ba. Soyayya tana tafiyarta, sai in an ga masu karatu sun fara hamma a jefo hatsarin mota ko a sace wani.

Abin takaici, shi ne abin da ya faru da wannan ma a tsakiyarsa. Aka fitar da yarinyar da sunan zuwa ganin wata shaida a Jibiya, 'yan bindiga suka tare hanya, aka shiga da ita daji. Shafuka kusan ashirin muna can. Shugaban dabar an zana shi dogo, fari, mai ƙamshi, mai magana a hankali, har ya kamu da sonta ya hana yaransa taɓa ta. Wasu a zauren suna ta turo alamun zuciya suna cewa shi ya fi dacewa da ita.

Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma ba ni kaɗai ba. Mu a Katsina dajin Rugu ba wurin shaƙatawar labari ba ne. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Mutanen Batsari, Safana, Ɗanmusa da Faskari sun sayar da gonaki da shanu sun biya kuɗin fansa, wasu sun biya kuma ba su ga nasu ba. Wata baiwar Allah a zauren ta turo saƙon murya, muryarta na rawa, ta ce, “Anti, don Allah ki fitar da mu daga dajin nan. Yayana ya yi wata biyu a hannunsu, ba turare ya dawo yana yi ba.” Ban ce kada a rubuta ta'addancin nan ba. A rubuta shi, ya ma kamata a rubuta. Amma a rubuta yunwarsa da ƙishirwarsa da tafiyar ƙafa cikin ƙaya, da uwar da ke zaune da waya a cinya tana jiran kira. Mayar da mai garkuwa da mutane saurayin da 'yan mata za su yi mafarkinsa zalunci ne ga waɗanda abin ya ci.

Ko ta fuskar gaskiyar lokaci ma ɓangaren ya yi tuntuɓe. Marubuciyar da kanta ta ce a ƙarshen daminar 2021 abin ke faruwa, ga jaruma tana satar waya a daji tana kiran masoyinta suna doguwar hira. A watan Satumban wannan shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, Jibiya da Batsari da Safana na ciki, sai a Disamba aka fara maidowa. Duk wanda ke da dangi a can ya tuna yadda ake aika saƙo ta hannun direbobin tasha. Da ta yi amfani da wannan katsewar, da fargabar ta ninka.

Ɓangaren shari'a kuma an yi shi a gurguje. An tsare yarinya makonni a ofishin 'yan sanda na unguwa, ga lauya a labarin amma bai taɓa neman a kai ta kotu ba. Daga baya kuma alƙalin majistare ya yanke hukuncin kisa a zama ɗaya, alhali majistare ba ta da wannan hurumin, tsarewa kawai take yi kafin a miƙa shari'ar gaba. Wadda ta yi wahalar binciken tumuni da iddar mai ciki, tambayar lauya guda ba za ta gagare ta ba.

Da aka dawo gida labarin ya farfaɗo. Ba zan tona wanda ya yi kisan ba. Abin da zan ce kawai, da ɗan gari a kan ci gari, kuma da na koma shafukan farko na tarar an ajiye alamun tun daga ranar furar: wanda ya dama, wanda ya ɗauko ƙwarya, wanda ya riga kowa wanke ta da asuba. Ba a yaudari mai karatu ba, ba a kuma ɗauko wani baƙo daga sama a shafin ƙarshe aka ɗora masa laifi ba. Laɓe bayan ƙofa ya ɗan yi yawa, kusan kowane sirri ta haka ya fito, amma na yafe wannan.

Sai hidimar kanta. An yi alƙawarin shafi kullum ban da Asabar da Lahadi, kuma a farko an cika. Daga tsakiya sai aka fara tsallake kwanaki ba bayani, sannan aka buɗe wani zaure na musamman na naira 3000 inda ake ba su shafi biyu a rana. Wanda ya biya kuɗin farko bai kamata ya wayi gari ya ga an mai da shi saniyar ware ba, tunda ba a faɗi haka ba lokacin karɓar kuɗi. Tallan kayan mata da na atamfa da ake sakawa a tsakiyar shafi, daidai lokacin da ake buga ƙofar jaruma da tsakar dare, yana kashe labari. A kai shi ƙarshe, za mu gani. Rubutun ma yana son gyara: babu ƙ, ɗ da ɓ ko ɗaya, sai ki tsaya ki auna ko kofa ake nufi ko ƙofa, ga Turanci a bakin tsohuwar da aka ce ko makarantar boko ba ta shiga ba.

Ina kuma tausaya wa marubuciyar ta wani ɓangare. Kafin a kai rabi an sace shafukan ana yawo da su kyauta a wasu zauruka, duk da roƙo da Allah-ya-isa da take rubutawa a saman kowane shafi. Tun da OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023 wuraren sayar da littafi a waya suka ragu, kuma mace ce ke buga dubban kalmomi da babban yatsa bayan ta gama girki da hidimar yara. Mai karanta na sata ba ta da bakin ƙorafin jinkiri.

Wadda ke son saye, shawarata ta jira a kammala ta karɓi cikakken littafin a dunƙule, domin labari irin wannan yana son a bi alamunsa a jere, jiran kwana uku tsakanin shafi da shafi yana sa a manta wanda ya wanke ƙwarya. Wadda kuma aka taɓa ɗaukar mata wani nata, ta tsallake daga inda motar ta bar Katsina zuwa inda aka dawo da yarinyar gida, babu abin da za ta rasa a zaren labarin. An sanar cewa za a buga shi a takarda, kuma roƙona ga marubuciyar shi ne ta cire shafukan dajin kafin ta kai shi maɗaba'a, ta kuma ba wani lauya ɓangaren kotun ya duba mata.