Na'urar GPS ta keke don doguwar tahiya: abin da na gani da Garmin Edge 530

'Yan uwa masu tuƙa keke nan Maradi, tunda ana ta tambayata kan ɗan abin nan da ke maƙale bisa gidon (hannun keke) ɗina, bari in yi bayani gaba ɗaya. Garmin Edge 530 ce, na'urar GPS mai nuna hanya da gudu da nisa, na hannu na saye ta, ta hito tun 2019 kuma a lokacin kuɗinta ya kai dalar Amurka 300. Ni kam da ita nake zuwa Madarunfa da Gidan Rumji, wani lokacin in kama gudron ɗin Damagaram har Tasawa, wajen kilomita 120 kenan, kuma walla ban da abin cewa sai alheri.

Da yawa suna cewa ai waya ma tana yi, me zai sa ka zuba kuɗi? Gaskiya ne tana yi, amma ka ɗaura waya bisa gidon cikin watan Afrilu, zahi ya haura digiri 40, ekran a kunne GPS a kunne, kahin ka kai Agye ta yi zahi ta rage haske da kanta ba ka ganin komai, bateri kuma ya zube, to in taya ta hwashe maka a daji da me za ka kira gida? Wannan shi ne babban dalilina. Waya ta zauna aljihu da cajinta, na'ura ta yi aikin hanya. Kuma ita ba ta buƙatar sim ko rezo, kai tsaye take jin taurarin ɗan Adam da ke sama wajen kilomita dubu 20, na Amurka da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai, ko ina ka shiga tana sanin inda kake. Ekran ɗinta ma irin wanda rana ke ƙara wa haske ne, tsakar rana kake karanta gudunka ba sai ka kare da hannu ba.

Bateri shi ne abu na farko da za ka duba. Kamfanin ya rubuta awa 20 ga wannan, ni dai ina hita da asuba in dawo bayan magariba da sauran caji mai kyau. Cikin sauran na'urori irinta, Wahoo Elemnt Bolt ta 2021 awa 15 aka rubuta mata, Edge 1040 Solar ta 2022 mai shan rana awa 45, Coros Dura kuma ta 2024 har awa 120. Mai niyyar Maradi zuwa Yamai, kilomita sama da 600, yana kwana ƙauyukan da babu kuran, to ya dubi masu shan ranar nan da kyau don rana dai Allah Ya hore mana ita. Abu guda da ya kamata a sani, littafin Garmin ya ce caji tsakanin digiri 0 zuwa 45 ake yin shi, don haka kar ka jona mata pawa bank tana cikin rana da azahar, bari sai ka zauna inuwa shan ruwa.

Sai zancen buton. Ni na zaɓi mai buton da gangan, 'yar uwarta Edge 830 ta taɓa ekran ce, amma hannu da zuhwa da ƙurar hunturu, ga safar hannu, buton ya hi min kwanciyar hankali. Ruwan damina ma ba ya damunta.

Taswira ce wurin da nake so ku natsu. In an kawo maka na'ura daga Faransa taswirar Turai ce a ciki, dole ka nemi kwamfuta da intanet mai ƙarhi ka saka ta yankinmu, kuma ka tambayi mai sayarwa wannan tun kahin ka biya. Manyan hanyoyi duk suna nan, ta Dan Isa, ta Dakoro, ta Ƙonni. Hanyoyin amalanke na tsakanin gonaki kuwa da yawa ba a zana su ba tukuna, kuma ko an zana na'ura ba ta san inda rairayi ke cin taya ba. Abin da muke yi, wanda ya san hanya ya bi ta sau ɗaya na'ura ta rubuta sawunsa, sai ya turo mana fayil ɗin sawun, wanda ake kira GPX, ta WhatsApp mu loda, ka bi layin kawai, in ka kauce ta yi ƙara. Haka muka tara hanyoyin gefen Gulbi masu daɗin bi.

Na ga wasu ƙanana masu araha a hannun yara, suna nuna gudu da nisa lahiya lau amma babu taswira, in zagayen gari kake ko Tibiri ka dawo sun ishe ka. In na hannu za ka saya kamar ni, cika ta da caji ka kunna ta ka aje tsakar gida tun sahe, da yamma ka duba kashi nawa ya rage, kuma ka juyo bayanta ka dubi 'yan kunnuwan nan biyu da ke riƙe ta bisa gidon, in sun tsage hanyar latirit za ta yar maka da ita.