Hattara da mai sayar da "takardar kariyar aiki" a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka, musamman na Bronx da Harlem da New Jersey. Wata uku ke nan wani mutum yana yawo da saƙon murya a guruf-guruf ɗinmu, Hausa a bakinsa kamar ruwa, da salati yake buɗewa. Wai duk mai rashin lafiya da ke tsoron a kore shi daga aiki ya tura masa dala 350 ta Zelle ko Cash App, shi kuma zai "yi masa rajistar FMLA", wato dokar hutun jinya ta Amurka, ya haɗa masa da takardar likita mai sa hannu da hatimi. Ɗan damfara ne. Sunan da yake amfani da shi ba nasa ba ne, lambar ma ya canza ta sau biyu.

Ƙanwar matata ce ta faɗa hannunsa. Shekararta biyu da rabi tana ɗaukar kaya a wani katafaren sito, ciwon baya ya sa ta gaba, ga tsoron shiga ofishin kula da ma'aikata saboda Turancinta bai nuna ba. Ta biya, ta miƙa takarda, ta kwanta a gida hankali kwance. Kwana tara aka kira ta. Ofishin ya tuntuɓi asibitin da ke jikin takardar, aka ce ba su taɓa ganin mai wannan suna ba. A ranar aka sallame ta.

Da tsoro mutumin nan yake cin abinci, kuma tsoron yana da tushe. A ƙasar nan aiki na ganin dama ne: mai kamfani zai iya sallamar ka yau ba tare da ya faɗi dalili ba, kamar yadda kai ma za ka iya ajiye aikin yau ka kama gabanka. Jihar Montana ce kaɗai ta fita daban tun dokarta ta 1987. Sai in kana da yarjejeniya a rubuce, ko kana cikin ƙungiyar ƙwadago, ko kuwa korar ta saɓa doka, kamar a kore ka saboda addini ko launin fata.

FMLA tana cikin abubuwan da ke taka wa wannan iko burki. Doka ce ta tarayya da Bill Clinton ya sa wa hannu a 1993. Tana ba ma'aikaci hutun jinya har mako 12 a shekara idan ciwon mai tsanani ne, babu albashi, amma inshorar lafiyarsa tana ci gaba, kuma idan ya dawo a mayar da shi aikinsa ko makamancinsa. Sharuɗɗanta: ka yi wa kamfanin aiki wata 12, ka cika awa 1,250 a shekarar da ta wuce, kuma kamfanin yana da ma'aikata 50 a cikin tazarar mil 75 daga wurin aikinka. Ko ka cika su ko ba ka cika ba, shi ke nan. Babu rajista, babu wani ofishin gwamnati da ake kai suna, babu ko sisi. Wurin aikinka kake sanarwa, cikin kwana biyar na aiki su gaya maka ko ka cancanta, su ba ka fom, likitanka na gaskiya ya cike, kana da kwana 15 ka mayar. Doka ta ba su damar kiran asibitin su tabbatar da sa hannun, kuma hutun da aka samu da takardar jabu ba ya ƙarƙashin kariyar dokar.

Abin da ya fi ci mini rai, yarinyar nan ta cika sharuɗɗan nan kaf, ciwonta kuma na gaske ne. Da likitanta ta je wa, da yanzu tana kan aikinta. Haƙƙinta na kyauta ta saya da dala 350, sayen kuma shi ya raba ta da shi.

Har direbobin Uber yake sayar wa, alhali kamfanin ba ya ɗaukar su a matsayin ma'aikatansa, FMLA ba ta shafe su ba. Wanda kuma jinyarsa ta kwana biyu ko uku ce, ya tambayi hutun jinya na jiha: New York tana ba da har awa 40 ko 56 a shekara gwargwadon girman kamfani, New Jersey har awa 40 da albashi.

In ka riga ka tura masa lambar Social Security da hoton katinka, kamar yadda ƙanwar matata ta yi, ka kulle bayanan bashinka a Equifax da Experian da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, kyauta ne, sannan ka kai rahoto hukumar FTC mai karɓar ƙorafin damfara. Kuɗin Zelle kam da wuya su dawo, mun gwada. Mai tambaya kan FMLA ya kira Ma'aikatar Ƙwadago, sashen albashi da awannin aiki, a 1-866-487-9243, ba a biya. Don Allah masu kula da guruf ku riƙa sauraron saƙo kafin ku bari ya zaga. Jiya da daddare wani sabon saƙon ɗan damfarar ya shigo guruf ɗin direbobi, ya sauko da kuɗin zuwa dala 250, wai albarkacin zumunci.