Seachem Reef Dip, maganin murjani mai laushi da ake kiwo a tankin ruwan gishiri

Gaskiya maganin nan ya burge ni. Aidin ne a cikinsa, kuma ba a zuba shi cikin tankin kai tsaye, ruwan tankin za ka ɗebo a wata roba ka sa mil 5 zuwa 10 a lita 4, ka tsoma murjanin minti 15 zuwa 30 sannan ka ɗauraye shi kafin ka mayar. Zoanthid ɗina (wasu ƙananan murjani masu kama da furanni) da suka ƙi buɗewa, ga wata yauƙi ruwan ƙasa tana cin gefensu, wallahi sun farfaɗo, amma sai da na yanke wajen da ya ruɓe tukuna. Sarcophyton kuwa (wani murjani mai laushi mai kama da fata) in ya rufe yana sheƙi don Allah a ƙyale shi, ba sai an tsoma shi a maganin ba, saɓa yake yi, ƙara masa motsin ruwa kawai.